Kayan a Lokata Aka Samu, Amma na Aminina Ne

Assalamu alaikum Kawu.

Ni ɗalibi ne a aji uku a wata jami'a a nan Arewa, shekaruna 22. Ɗakinmu ɗaya a hostal da aminina, wanda tun muna makarantar allo muke tare, gidansu yana kallon namu. Tun bara na lura ya fara shan ƙwaya. Da farko cewa yake don karatun dare ne, daga baya abin ya zama kullum, har da kodin. Wata biyu da suka wuce kwaɗon lokarsa ya lalace, sai ya ba ni wata baƙar leda in ajiye masa a tawa. Na san abin da ke ciki, amma na kasa ce masa a'a. Makon jiya jami'an tsaron makaranta suka shigo bincike da asuba, suka sa kowa ya buɗe lokarsa, suka samu ledar a tawa: kati huɗu na tiramol da kwalba biyu ta kodin. An ba mu takarda, ni da shi, mu bayyana gaban kwamitin ladabtarwa nan da kwana 10, domin ashe sunansa aka kai musu tun farko.

Ya zo mini yana kuka, ya ce mu haɗa baki mu ce ba mu san ledar ba, tunda mu takwas ne a ɗakin mutum huɗu, kowa zai iya jefa ta. Ya ce in na faɗi gaskiya korarsa za a yi, ga mahaifiyarsa da hawan jini, shi kaɗai ne ɗanta namiji. Kawu, ba zan ɓoye muku ba, ni ma na sha ƙwayar sau biyu lokacin jarrabawar zangon da ya wuce, shi ya ba ni, ban sake ba. Mahaifina bai san komai ba, kuma gonarsa ya jinginar ya biya mini kuɗin rajistar bana. Ba na iya barci. In na yi magana na ci amanar aboki, in na yi shiru na cuci kaina. Ina mafita?

Ɗanku mai neman shawara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Sau uku na karanta wasiƙarka kafin in fara rubutu, kuma zan fara da amsar da ka zo nema don kada ka yi ta laluben ta cikin dogon zance. Kada ka yarda da wannan haɗa bakin. Ranar da ka tsaya gaban kwamiti, ka faɗi yadda ledar ta shiga lokarka, da wanda ya ba ka ita, da cewa ka san abin da ke ciki. Na san maganar ta tsaya maka a ƙirji, don haka zauna mu warware ta a hankali.

Na yi shekaru ina koyarwa, na kuma sha zama a irin wannan kwamiti. Labarin nan na "ɗaki ya cika, kowa zai iya jefawa" babu ɗan kwamitin da bai ji shi ba har ya ƙoshi. Abin da za a fara tambayarka shi ne, lokar tana da kwaɗo? Makullin yana hannun wa? Da aka zo bincike wa ya buɗe? Kai ne ka zaro makulli daga aljihunka a gaban jama'a. Sannan ba tare za a shigar da ku ba. Ɗaya bayan ɗaya ake kira, a yi maka tambaya, a wuce wata, can bayan minti ashirin a dawo da ta farkon ta wata fuska a ji ko bakinka zai sake. Za a kira sauran 'yan ɗakin, kuma a cikinsu akwai wanda ya san ranar da kwaɗon ya lalace, akwai wanda ya sha ganin abokinka yana karɓar makullinka. Da bakinka ka ce sunansa aka kai tun farko, wato kwamitin ya riga ya san rabin zancen kafin ku shiga. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in wannan ya rufta da kai zai rufta.

Tsaya ka dubi shawarar tasa da kyau. In ku biyun kuka ce ba ku san ledar ba, shi ya fita, tunda lokarsa wayam aka same ta. Kai kuwa kaya na cikin taka, makulli na hannunka, kuma ka riga ka zubar da bayani ɗaya tak da zai nuna yadda suka shiga. Mutum ɗaya wannan dabara take kuɓutarwa, kuma ba kai ba ne.

A ce ma ƙaryar za ta karɓu, ina ka bar yaran nan shida? In ka ce kowa zai iya jefawa, to ka ce ɗaya daga cikinsu ne ya jefa. Huɗu ma raɓe suke, ba su da gado a takarda, don iyayensu ba su da kuɗin kama musu ɗaki a gari. Su ne za a fara yi wa kallon tuhuma, su ne kuma ba su da mai tsaya musu. A Suratun Nisa'i, aya ta 112, Allah Ya ce wanda ya aikata kuskure ko zunubi, sannan ya jefi wanda bai ji ba bai gani ba da shi, to ya ɗauki ƙage da zunubi bayyananne. A aya ta 135 kuma Ya umarce mu mu tsaya da adalci, mu ba da shaida saboda Shi, ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. Ba a cire amini a ciki ba.

Kalmar da ta hana ka barci ita ce amana, kuma na ji daɗi da ta hana ka, domin alama ce ta ɗan halak. Amma ka tambayi kanka, me ya sa da kwaɗonsa ya lalace bai sayi wani ba har wata biyu? Wanda yake da kuɗin kati huɗu da kwalba biyu bai rasa na kwaɗo ba. Ya san ana bincike, ya san sunansa na yawo, sai ya zaɓi inda in an kama ba shi za a kama ba. Ban faɗi haka don ka tsane shi ba. Wanda ƙwaya ta kama, tunaninsa gaba ɗaya yakan koma kan yadda zai same ta da yadda zai ɓoye ta, kuma na kusa da shi su ne farkon waɗanda yake takawa, sau da yawa yana kuka yana takawa. Hawayen da ya zubar a gabanka na gaske ne. Abin da ya roƙe ka kuwa cuta ne gare ka, cuta ne gare shi.

Yanzu ga yadda jami'a take kallon abin, domin in ba ka san idon da ake kallonka da shi ba, ba za ka san yadda za ka tsaya ba. Ranar da aka rantsar da ku a shekarar farko, ka sa hannu cewa za ka bi dokokin makaranta. An ba ku kundin dokokin ɗalibai, wanda galibinku kuke cusawa ƙarƙashin katifa har ku gama. Jami'o'in Najeriya kan ce suna ba da digiri ne ga wanda aka same shi da cancanta ta fuskar ɗabi'a da ilimi, kuma ɗabi'ar ake fara ambata. Daga nan suke samun hurumin shiga ɗakinka da asuba. Kowace jami'a da nata kundin, amma a kan kayan maye kusan bakinsu ɗaya: sha laifi ne, ajiyewa laifi ne, sayarwa kuwa ita ce uwa uba. Giya ma tana ciki, galibi an hana shigo da ita hostal ko a ga ɗalibi a buge a harabar makaranta, ko wane addini yake bi, balle a jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000. Hukuncin yana farawa daga takardar gargaɗi da fitarwa daga hostal, zuwa dakatarwa ta zango ɗaya ko biyu, zuwa kora baki ɗaya.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, a takardar tuhuma ba "na wane ne" ake fara rubutawa ba, "a wurin wa aka samu" ake rubutawa. Yanzu haka kai ne mai ajiya. Kuma kati huɗu ƙwaya arba'in ke nan, ga kwalba biyu. Dole wani a kwamitin ya tambaya ko sayarwa ake yi a ɗakin. In wannan zargi ya manne maka, batun ya wuce dakatarwa, yana iya fita daga makaranta ma ya koma hannun NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, kuma babbar kotun tarayya tana ɗaure mutane a kan tiramol da kodin. Da yaron da ya yi wauta ya ajiye wa aboki leda, da yaron da ake zargi da dillanci kuma aka kama shi yana ƙarya, tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin dawowa aji da komawa gida.

Kada kuma ka sa ran za a yi sako-sako, don zamanin ya wuce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kusan mutum ɗaya cikin bakwai, kuma miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken BBC da ya nuna yadda yake cin matasa, har da na Kano. A watan Yulin 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa da shugaban NDLEA Buba Marwa suka amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya. Babu shugaban jami'ar da yake so a ce makarantarsa ta zama matattara. Mutanen da za ka tarar a ɗakin nan suna ɗauke da wannan nauyi a kansu.

Duk da haka kai ma kana da haƙƙi, kuma ina so ka shiga da saninsa. A watan Fabrairun 1983 an yi tarzomar ɗalibai a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna, jami'a ta kori wasu ɗalibai. Suka tafi kotu, lauya Gani Fawehinmi ya tsaya musu, har Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta soke korar. Daga cikin dalilan akwai cewa ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba, kuma wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'a, yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Wannan shari'a, da ake kira ta Garba, sunan ɗaya daga cikin ɗaliban, har yau ana karantar da ita a tsangayar shari'a, kuma ita da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 su ne suka sa jami'a ba ta korar ɗalibi sai ta ji ta bakinsa. Kana da haƙƙin a gaya maka ainihin abin da ake tuhumarka da shi, ka ji shaidar da aka bayar a kanka, ka ba da amsa, ka kawo naka shaidun. In hukunci ya fito bai yi maka ba, dokokin da suka kafa galibin jami'o'in tarayya sun ba ɗalibi damar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwar jami'a, sai dai akwai wa'adi, kuma hukuncin yana nan yana aiki kafin a saurare ka. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa kotu za ta wanke ka don kawai ka kai ƙara. Kotuna sun sha tabbatar wa jami'o'i ikonsu na ladabtar da ɗalibai muddin an bi ƙa'ida.

Kwana goman nan kada ka cinye su a kan katifa kana juyi. Nemo kundin dokokin, karanta sashen kayan maye da na kwamitin ladabtarwa kalma bayan kalma, ka ga ko an yarda ka shiga da wani, ka ga wa'adin ɗaukaka ƙara. Zauna ka rubuta abin da ya faru da hannunka, da ranaku, gajere, babu ƙari babu ragi. Je ka ga malamin da ke kula da ajinku, ko wani malami a sashenku da ya san ka da zuwa aji, ka gaya masa gaskiya, domin kalma ɗaya daga bakin malamin da ya san halinka tana da nauyi a wurin nan. In akwai lauya a danginku ko a unguwa, ya duba maka rubutun. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko wa ya miƙo maka. Kuma za ka ga masu zuwa suna cewa sun san wani a ciki, a kawo kaza a kashe maganar. Ka guje su. Kuɗinka za su ci, in kuma zancen ya fasu ka ƙara wa kanka laifi na biyu.

A gaban kwamiti kada ka wanke kanka tas, domin ba ka wanku ba. Ka karɓi leda ka san abin da ke ciki, ka ajiye ta wata biyu. Faɗi haka da bakinka kafin a faɗa maka. Ka ce ka yi kuskure, kunya ce ta hana ka ƙi, kana roƙon sassauci. Ka nemi a yi maka gwaji, ƙwayar da aka sha watanni da suka wuce ba ta zama a fitsari, kuma sakamakon zai nuna ba mashayi ba ne kai. Ba zan yi maka alƙawarin za ka fita ba ko ƙwarzane ba. Mai yiwuwa a fitar da kai daga hostal, mai yiwuwa a dakatar da kai. Amma dakatarwa tana da ranar ƙarewa, ka dawo ka ɗora daga inda ka tsaya. Abin da na gani da idona shi ne, mutanen da ke zaune a teburin nan iyaye ne, zuciyarsu takan yi laushi ga yaron da ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, takan kuma bushe ga wanda ya dube su ido cikin ido yana yi musu ƙarya.

Sai batun ƙwaya biyun da ka sha. Addini bai ɗora maka ka tashi ka tona abin da Allah Ya rufa maka ba, tuba ake nema, kuma ka ce ka daina. Amma abokinka ya sani, kuma mutumin da ya ga ruwa na cinye shi yakan kama duk abin da hannunsa ya kai. In aka tambaye ka kai tsaye, kada ka musa. Ka ce ka sha sau biyu lokacin jarrabawa, ka yi nadama, ba ka koma ba. Ni kuma ina da tawa maganar a kan wannan. Shi ma da "don karatun dare" ya fara. Tiramol ɗin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, kuma sai da takardar likita. Wanda ke yawo a hannun matasa mai 200 ne da 225 da 250, na fasa-ƙwauri, alhali likita ba ya wuce 400 a yini ko ga mai tsananin ciwo. Ƙwaya biyu kawai na 225 ko 250 sun haura iyaka. Na taɓa tsaron jarrabawa wani yaro a layi na uku ya sulale daga benci, jikinsa ya sandare sannan ya kama fizga, kumfa na fita ta gefen baki, ya ciji harshensa har jini ya ɗiga a takardar amsa da bai cika shafi ɗaya ba. Abokansa na cewa iska ce. A asibitin makaranta aka zaro rabin kati daga aljihun wandonsa. Tiramol yana kawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. In kuma aka haɗa shi da kodin, dukansu danne numfashi suke yi, mutum ya kwanta barci a wayi gari a tashe shi bai tashi ba. Wannan shi ne gadon da ke kusa da naka tun bara.

Shi ya sa nake cewa ko da dabararsa ta yi aiki, ba ka cece shi ba. Ka dai saya masa wasu watanni na ci gaba da sha, da sanin cewa in an kama akwai mai ɗaukar masa kaya.

Ga abin da abota take binka. Kafin ranar zama, ka same shi ku biyu, da safe lokacin da kansa yake daidai, ka gaya masa a fili cewa ba za ka yi ƙarya ba. Kada ya fara jin haka a bakin ƙofar kwamiti. Ka ce masa hanya mafi kyau gare shi ita ce ya riga ka, ya shiga ya ce kayan nasa ne, ya kamu da sha, yana neman a taimaka masa. Zai yi fushi, zai iya kiran ka maci amana, zai iya yi maka gori da ƙwayar da ya ba ka. Ka daure, kada ka rama. Sannan ka ce masa za ka raka shi asibiti. Wanda ya shekara yana sha kullum ba ya dainawa da faɗa ko da rantsuwa. In ya tsaya kwatsam jiki zai hau ciwo, ga zufa, ga gudawa, ga hamma da majina, ga rashin barci da wani irin ƙunci da ke sa mutum ya koma ko don ya samu sauƙi. In kuma yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su roci ko D5, yankewa farat ɗaya na iya jefa shi cikin farfaɗiya. Aikin likita ne. Ku fara da asibitin makaranta ko ofishin ba ɗalibai shawara, su tura ku gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga sashen masu kula da wannan a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. NDLEA ma tana da layin kira kyauta na masu neman taimako, 0800 1020 3040. Yaron da ya shiga kwamiti da katin asibiti a hannu, yana nuna ya riga ya fara neman magani, ba ɗaya yake da wanda aka tatso gaskiya daga bakinsa ba. A gida kuma, tunda mahaifiyarsa ba ta da lafiya, a nemi kawunsa ko wani babba mai hankali a fara gaya masa, shi ya san yadda zai shigar mata da maganar. Sanin da za ta yi yanzu, ɗanta na raye ana yi masa magani, ya fi wanda za ta yi daga baya sauƙi nesa ba kusa ba.

Ina da ƙorafi a kan jami'o'inmu a nan, kuma na faɗe shi a inda ya dace tun ina aiki. Mun iya kora, ba mu iya jinya ba. Yaron da aka kora saboda ƙwaya unguwa yake komawa, babu aji, babu sana'a, ga baƙin ciki, ga dila a bakin layi. Wanda ke sayarwa a hostal a kore shi, ban da ja. Amma wanda ya kamu, kamata ya yi a dakatar da shi da sharaɗin magani, ya dawo da takardar likita, a ci gaba da gwada shi. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai mutumin da aka sha kawowa saboda shan giya ana yi masa hukunci. Wata rana wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. An yi hukuncin, ba a kuma yar da mutumin ba. In aka ba ka dama a ƙarshen bayaninka, ka roƙa wa abokinka irin wannan. Ka ce ka san shi tun yana rataye da allo, ka san ba haka yake ba, a taimaka masa ya warke.

Na bar maganar mahaifinka a ƙarshe don ita ce na fi jin tsoron za ka tsallake. Akwai wani dattijo da har yau yake tsaya mini a rai. An kori ɗansa, yaron ya kasa faɗa, ya ci gaba da zama a gari yana raɓe wurin abokai, ana aiko masa da kuɗin abinci da garin kwaki har wata biyar. Ranar da dattijon ya ji, ya yi sammako ya zo. Ya tuɓe takalmansa na roba a bakin ofis, ya shigo da hula a hannu, ya durƙusa a kan siminti, na yi na yi ya hau kujera ya ƙi. Bai yi faɗa ba, bai ce an zalunci ɗansa ba. Cewa ya yi, "Malam, da an gaya mini tun ana zaman, da na zo na ba da haƙuri da kaina." Wa'adin ɗaukaka ƙara ya riga ya wuce da daɗewa. Babu abin da na iya yi masa sai rakiya zuwa bakin titi.

Mutumin da ya jinginar da gonarsa saboda karatunka yana da haƙƙin ya sani tun akwai abin da zai iya yi. Zai ji zafi, zai iya yi maka faɗan da bai taɓa yi ba, zai iya yin shiru wanda ya fi faɗan ciwo. Duk wannan na kwana biyu ne. Bayan nan shi ne zai sa babbar rigarsa ya zo ya zauna a bakin ƙofar kwamitin, kuma 'yan kwamiti suna lura da yaron da ubansa ya biyo shi. Shi ne kuma zai san yadda za a tunkari gidan su abokinka ba tare da zumuncin maƙwabtaka ya lalace ba, abin da ya fi ƙarfinka kai kaɗai.

Kada ka gaya masa a waya. Gobe in ka yi sallar asuba ka hau mota ka tafi gida. In bakinka zai yi nauyi, fara da mahaifiyarka ko wani baffanka, amma kada rana ta faɗi bai ji daga bakinka ba, har da ƙwaya biyun. Ka tafi da takardar gayyatar a aljihu, zai so ya gan ta da idonsa, kuma ranar zaman na rubuce a jiki don ya shirya kuɗin mota. Allah Ya sassauta maka, Ya ba abokinka lafiya. In an yi zaman ka rubuto mini yadda aka ƙare, ina jira.

Kawunka.